Yadda za ka gwada hasashe a furojet ɗinka ka kuma gane abin da lambar p take faɗa

Toh ɗalibai, musamman ku da kuka kai chapta 4, da yawa daga cikinku ana zuba data a manhajar lissafi ta SPSS ne kawai ta fitar da lambar p, a duba ko ta yi ƙasa da 0.05, a rubuta an yi watsi da H0, wato hasashen cewa babu bambanci, a wuce, amma ranar difens in lakcara ya tambayi me wannan lambar take nufi sai ka ga mutum ya yi tsuru-tsuru. Abin yana damuna gaskiya, saboda ba wuya ce da shi ba in an bi shi daki-daki.

Asalin maganar ita ce ba za ka iya auna kowa da komai ba, samfur kake ɗauka ka yi hukunci a kan duka. A ce wani dila ya ce kowane buhun shinkafarsa kilo 50 ne, sito cike da buhuna, ba za ka ɗora su duka a sikeli ba. Sai ka zaɓi 36. Kuma a nan ake fara ɓata aiki, in ka ɗebi na bakin ƙofa kawai saboda sun fi sauƙin jawowa toh duk lissafin da zai biyo baya ba zai gyara wannan ba, ka ba buhunan lamba ka yi ƙuri'a, na can ƙarƙashi ma ya samu damar fitowa.

Kafin ka auna ko buhu ɗaya, rubuta hasashenka guda biyu. H0 shi ne babu bambanci, matsakaicin nauyi kilo 50 ne kamar yadda dila ya faɗa. H1 kuma ya ce ba 50 ba ne. Ka ɗauke shi kamar kotu, dila ba shi da laifi har sai ka kawo hujja mai ƙarfi, kai ne mai kawo hujjar. A lokacin ne kuma za ka tsayar da ma'auninka, wato iyakar da in lambar p ta yi ƙasa da ita za ka yi watsi da H0, yawanci 0.05, ka kuma yanke ko gefe biyu za ka duba wato ƙari ko ragi, ko gefe ɗaya kawai. Don Allah kada ka bari sai ka ga sakamako sannan ka koma gefe ɗaya don lambar ta yi maka daɗi, wannan maguɗi ne ko da babu wanda ya kama ka.

Yanzu ka auna. A ce matsakaici ya fito kilo 49, SD kuma wato yadda nauyin ya warwatsu tsakanin buhu da buhu ya fito 2.4. Tambayar ita ce wannan gibin na kilo ɗaya gaske ne ko dai sa'a ce ta sa ka ci karo da marasa nauyi. Ka raba SD da tushen 36 wato 6, tunda 6 sau 6 ne ke ba da 36, ka samu 0.4, wannan shi ne SE, yana nuna maka yadda matsakaici zai riƙa ɗan motsawa in da za ka yi ta sake ɗaukar wasu buhuna 36. Sai ka cire 50 daga 49 ka samu −1, ka raba da 0.4, t ɗinka ya zama −2.5. Ma'ana gibin ya ninka motsin da aka saba gani sau biyu da rabi. Ka buɗe tebur na t a layin 35, wato 36 a cire 1, za ka ga iyakar tana wajen 2.03, naka 2.5 in ka ajiye alamar ragi ya wuce ta, in kuma kwamfuta ka bai wa, za ta ce maka p kusan 0.017.

Ga inda nake so ka tsaya ka nutsu. Wannan 0.017 ba tana cewa yiwuwar dila yana da gaskiya kashi 1.7 cikin ɗari ba ce, kuma ba tana cewa hasashenka ya tabbata kashi 98 ba. Abin da take faɗa shi ne, in da gaske buhunan kilo 50 ne, toh samun gibi irin wannan ko wanda ya fi shi zai faru ne kusan sau 17 cikin 1000 kawai. Tunda abu ne da ba kasafai zai faru ba sai mu ce H0 ba ta tsaya ba. Ruɗanin nan ya yi yawa har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa musamman a 2016 tana gargaɗi a kai, so ba ɗalibai kaɗai ke zamewa ba. Ita ma 0.05 ɗin ba wahayi ba ce, Ronald Fisher ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1925 saboda ta zo masa da sauƙin aiki. Gwajin t kuwa William Gosset ne ya fito da shi a 1908 yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin, inda samfur kaɗan yake samu, ya buga da sunan Student.

Kuskure iri biyu ne, masana ƙididdiga Neyman da Pearson suka tsara su. Na ɗaya ka kama dila alhali buhunansa cikakku ne, da ma'aunin 0.05 ka yarda hakan zai iya faruwa sau 5 cikin 100. Na biyu yana rage awo amma ka sake shi, wannan yafi faruwa in samfur ɗinka ya yi kaɗan. Shi ya sa in p ta fi 0.05 ba ka rubuta an tabbatar babu bambanci, ka rubuta ba a samu isasshiyar hujjar watsi da H0 ba. Kuma furojet ɗinka bai lalace ba wlh, sakamako ne shi ma, kada ka je kana goge amsoshin kwescaniya don lamba ta sauko.

Wane gwaji za ka zaɓa ya danganta da irin datarka. Rukuni biyu daban kamar maza da mata, gwajin t na masu zaman kansu. Mutane ɗaya kafin da bayan horo, t na haɗe. Rukuni uku ko fiye, ANOVA. In kuwa ƙirge ne na eh da a'a ba awo ba, chi-square.

Sannan kada ka kawo p ita kaɗai. In samfur ya yi yawa sosai ko gibin giram 50 zai iya fitowa ƙasa da 0.05, wanda ba mai sayen shinkafa da zai damu da shi. Ka faɗi girman bambancin da tazarar amincewa, wato iyakoki biyun da ake sa ran matsakaicin gaskiya yana tsakaninsu, a misalinmu 2.03 sau 0.4 ya ba da kusan 0.8, kenan matsakaicin gaskiya yana tsakanin kilo 48.2 da 49.8 a matakin kashi 95, ka ga 50 ba ta ciki. A chapta 4 sai ka rubuta: matsakaicin nauyin buhuna 36 kilo 49 ne, SD 2.4, t(35) = −2.5, p = 0.017, tazara 48.2 zuwa 49.8, don haka an yi watsi da H0.