Yadda ake shirya bitar sola ta yini ɗaya ga masu sana'ar lantarki a Zariya

Masana ba su yi wa Zariya kaɗan ba. Ga malaman injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, ga cibiyoyin bincike na hanyar Basawa. Sannan ga masu haɗa waya da sola na Sabon Gari da Tudun Wada, waɗanda kullum suna kan rufin mutane. Ba kasafai ake zaunar da ɓangarorin nan biyu wuri ɗaya ba, in ma an zaunar da su, jawabai ne ke cinye yinin: a jira babban baƙo, a yi ta gabatar da manya, a karanta maƙala da Turanci, a raba lemo, a watse ba wanda ya riƙe ko filaya. Bitar da za a bayyana a nan ta mutum 24 ce, kuma ma'auninta ɗaya: kowa ya auna, ya haɗa, ya lissafa da hannunsa kafin La'asar.

Ku fara da rubuta abu uku da mahalarci zai iya yi in an tashi, waɗanda bai iya ba da safe. Ga bitar sola ta farko, ukun nan sun isa: lissafa lodin shago ko gida, wato wutar da kayansa ke ci, gwada faifan sola da maltimita, wato mitar awon bolt da amfiya, da zaɓen kaurin waya. Duk abin da bai shiga cikin ukun ba a ajiye shi sai zama na gaba. Mai gabatarwa zai so ya faro daga yadda hasken rana ke zama lantarki a cikin silikon. A ba shi minti biyar kan wannan, kada ya wuce.

Rana da wuri

Asabar ta fi. Juma'a yinin a yanke yake, Lahadi kuma da safe abokan sana'a Kirista suna coci. Ku guji watan azumi da makonnin jarrabawar jami'a, kuma ku tambaya ko akwai babban ɗaurin aure a cikin 'yan ƙungiya ranar, don shi kaɗai yana iya kwashe muku rabin mutane. Tunda aikin na buƙatar rana, Agusta ba watan wannan bita ba ne, hadari zai hana ku awo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu ruwa, sai dai hazo, shi kuwa hazo darasi ne a karan kansa kamar yadda za a gani. A Maris da Afrilu rana ta wadata amma zafi na korar mutane daga fili, sai an tanadi rumfa da ruwan sha mai yawa.

Garin a warwatse yake. Wanda ke Birni zai ji nauyin zuwa Samaru da ƙarfe 9, na Samaru ma haka in aka kai taron cikin ganuwa. Wuri tsakanin PZ, Kwangila da Kongo ya fi yi wa kowa adalci. Ɗakin ya kasance yana da fili a gefensa da rana ke samu daga ƙarfe 10 zuwa 1 ba inuwar bishiya, da wurin alwala da salla, da banɗaki na maza da na mata. Ɗakin lacca mai kujeru a kafe bai dace ba. Tebura masu faɗi ake so, waɗanda mutum huɗu za su kewaye.

Kada ku dogara da wutar gari. Majigi yana jan kamar wat 300, kwamfuta kamar 65, sai lasifika da fankoki, don haka janareto mai kVA 2.5 ya wadatar. Ku lissafa masa kusan litar mai ɗaya a kowace awa, ku ƙara biyu a kai. A ajiye shi waje, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa. A gwada majigin da kwamfutar mai gabatarwa tun ranar Juma'a da yamma, domin yawancin tsofaffin majigi VGA suke karɓa, sababbin kwamfutoci kuma HDMI suke fitarwa, rashin ɗan mahaɗin nan kawai ya isa ya cinye rabin awa. Allo da maka su kasance a gefe ko da majigin na aiki.

Kayan kowane teburi

Tebura shida, mutum huɗu-huɗu. Kowane teburi ya samu faifan sola ɗaya mai wat 50, kwantirolar caji (mai daidaita wutar da ke shiga batir daga faifai) mai amfiya 10, batir mai bolt 12 ƙarami kamar na amfiya-awa 18, maltimita ɗaya mai ramin amfiya 10, ƙwan fitilar mota mai wat 55, fis mai amfiya 10 da gidansa, filaya, sukudireba, abin fere waya da tef. Sai waya iri biyu, mita 20 kowace: mai kaurin milimita murabba'i 1 da mai 4. An zaɓi ƙaramin faifai ne da gangan. Bolt ɗinsa in ba a ɗora masa komai ba bai wuce 21 zuwa 22 ba, ba zai ji wa kowa ciwo ba ko an yi kuskure.

Ku sayi fis ɗin cikin maltimita guda goma na ajiya, da ƙarin maltimita biyu. Ƙonewar fis kam sai ta faru. A ƙofa a ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda, da ɗan akwatin magani. Kafin a taɓa batir kowa ya cire zobe da agogon ƙarfe, don ƙarfe in ya haɗa kan batir biyu nan take yake yin ja.

Yadda aka zaunar da mutane ya fi yawan kayan tasiri. Yaron shago ba zai miƙa hannu ya ɗauki mita ba in maigidansa na zaune a teburin, zai naɗe hannu ne yana cewa "To, Oga" har a tashi. A raba su tebura dabam-dabam. Kowane teburi a haɗa injiniya ko ɗalibin jami'a ɗaya da masu aikin hannu, kuma a rubuta a takarda wa zai riƙe mita a gwaji na ɗaya, wa zai riƙe a na biyu, don kada mai baki ya mamaye. Mata injiniyoyi da ɗalibai a tambaye su tun wajen rajista ko sun fi son teburinsu ko a gauraya, a yi yadda suka ce. Mataimaki ɗaya ga kowane tebura biyu, kuma a gaya masa aikinsa nuni ne da baki, hannunsa na baya.

Tafiyar yinin

A buɗe da addu'a da gaisuwa cikin minti goma. In akwai babban da ya zama dole a karrama, a ba shi miƙa takardun shaida da yamma, hakan ya fi masa daraja kuma bai tsare kowa ba.

Daga 9:15 zuwa 10:15 lissafin lodi, a kan misalin da kowa ya sani. A ɗauki shagon aski: ƙwai 4 masu wat 10 na awa 6 sun ba da 240, fanka 2 masu wat 60 na awa 8 sun ba da 960, kilifa 2 masu wat 15 na awa 5 sun ba da 150, talabijin mai wat 50 na awa 6 ya ba da 300. Jimla wat-awa 1,650 a yini. A raba da 0.75 saboda asarar inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gari), waya, zafi da ƙura, ya zama 2,200. A raba da awa 5 na cikakkiyar rana, a samu wat 440 na faifai. Sai kowane teburi a ba shi nasa shagon, wannan na tela, wancan na mai cajin waya, wani na mai sayar da ruwan sanyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara wat a manta da awa. Na biyu shi ne firji, wanda ke jan ninkin wutarsa sau da yawa a lokacin tashi, don haka inbatar da aka auna daidai da lambar jikinsa takan mutu da zarar ya kunna. A nan ne kuma za a faɗi cewa batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma rabi kawai ake ci in ana so ya yi shekaru, na litiyam kuwa ana iya cin kashi 80 cikin ɗari.

Da 10:30 a fita fili. A nan bitar take, kada a gaggauta. Da farko a auna bolt ɗin faifai ba lodi, a kwatanta da abin da ke rubuce a bayansa. Sannan a mayar da jar igiyar mita ramin amfiya 10 a auna ƙarfin da faifan ke turowa, wanda a faifai mai wat 50 yakan kusanci amfiya 3 in rana ta buɗe. A sa wani ya rufe layi ɗaya na 'yan murabba'an faifan ta faɗinsa, kowa ya ga yadda amfiya ke faɗuwa warwas alhali bolt bai motsa sosai ba. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake kafa faifai a ƙarƙashin tankin ruwa ko reshen darbejiya ba, kuma zai daina yarda da faifai don kawai bolt ɗinsa ya cika. In lokacin hunturu ne, a bar faifai ɗaya ya kwana uku a waje da ƙurarsa, a auna shi, a goge da tsumma mai laima, a sake aunawa. A juya faifan gabas, kudu, yamma ana karanta mita. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa ake fuskantar da faifai kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15, wanda kuma ke barin ruwan sama ya wanke shi.

Daidai nan fis ke ƙonewa. Mutum ya gama auna amfiya, ya manta jar igiya a raminta, ya ɗora a kan batir don ganin bolt. Mita a wannan hali gajeriyar waya ce kawai tsakanin kan batir biyu. Mataimaka su riƙa faɗa da ƙarfi bayan kowane awo: a mayar da igiya.

Gwajin waya ya fi kowane shiga rai. A kunna ƙwan motar daga batir ta siririyar waya, mita 10 zuwa, mita 10 dawowa. Ƙwan na jan kamar amfiya 4.6, kuma za a ga kusan bolt 1.6 ya salwanta a hanya. A canza zuwa mai kauri 4, asarar ta koma kusan 0.4, hasken ma ido zai ga bambancinsa. Sai injiniyan teburin ya nuna inda lambar ta fito: 0.0175 sau tsawon waya, a raba da kaurinta, a ninka da amfiya. Daga nan a tambaye su, inbata mai wat 1,000 a kan bolt 12 amfiya nawa za ta ja? Sama da 80. A kan bolt 24 rabin haka, a kan 48 kwata. Nan take masu aikin hannu za su gane dalilin da wayar batir ke narkewa a ayyukan da aka yi da ragowar wayar soket. In an samu guntuwar wayar nan ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, a kankare ta da wuƙa a zagaya da ita tebura su ga farin ciki. Tana tauye wuta fiye da ta jan ƙarfe zalla da kusan rabi ko fiye, kuma a ido ba ka bambanta su.

Bayan Azahar da abinci, a haɗa tsarin gaba ɗaya a cikin ɗaki. Batir ake fara haɗa wa kwantirola, da fis kusa da kan batir mai alamar tarawa, sannan faifai, sannan lodi. Wajen kwancewa a fara da faifai. Dalili shi ne yawancin kwantiroloji daga batir suke gane ko tsarin na 12 ne ko na 24, in faifai ya riga shiga sai su rikice ko su lalace. A yi bayanin haɗin jere, wanda 'yan sana'a ke kira siris, da haɗarin da ke cikinsa: manyan faifai biyu masu bolt 50 a jere sun ba da 100, kuma bolt na faifai yana ƙaruwa da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a duk digiri ɗaya da sanyi ya sauko ƙasa da 25. Da sanyin safiyar Janairu sai ya haura 100, kwantirolar da iyakarta 100 ta tafi. A kuma nuna musu bireka ta DC (wutar faifai da batir) da ta AC (wutar gari) gefe da gefe. Tartsatsin wutar gari yana mutuwa da kansa saboda tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, na wutar faifai da batir kuwa ci gaba yake da ci, shi ya sa birekar gida ba ta tsayawa a madadin waccan.

Harshe, kuɗi da takarda

A yi bayani da Hausa, a bar sunayen kaya yadda ake kiransu a kasuwa. In Malam ya ƙirƙiro wa inbata sabon suna, sai ya fassara fassararsa. Wanda Hausa ba ta zauna masa ba a zaunar da shi kusa da mai taimaka masa.

Ku karɓi kuɗin rajista ko kaɗan ne, kafin ranar. Bitar kyauta mutum 60 ke rubuta suna, ba ka san nawa za su zo ba. A tara kuɗin ɗaki, mai, abinci, fis da waya, a raba da 24. Faifai da batir ana iya aro daga dillali, da sharaɗin a ba shi minti goma a ƙarshe da teburi a ƙofa. Kada a ba shi makirfo a tsakiyar darasi, talla zai yi.

Takardar da za ku bayar ta halarta ce, kuma a rubuta haka ƙarara a jikinta. Rajistar injiniyoyi da masu fasaha aikin hukumar COREN ne, shaidar ƙwarewar masu haɗa wayar lantarki kuma hukumar NEMSA ke bayarwa. Kada tambarin ɗayansu, ko na Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, ko na wata makaranta ya hau takardarku sai da izini a rubuce, domin akwai wanda zai kai ta wurin kwastoma a matsayin lasisi.

Minti ashirin kafin La'asar a raba 'yar takarda mai tambaya biyu: wane gwaji ne za ka yi amfani da shi a aikinka na gaba, kuma wace matsala ce ta fi kai ka gidan kwastoma sau biyu? Wanda rubutu ke ba shi wuya ya faɗa wa mataimaki ya rubuta masa. Amsar ta biyu ita za ta ba ku maudu'in zama na gaba, ko na famfon rijiyar burtsatse ne ko na wayar ƙasa da kariyar tsawa kafin damina. Kowane teburi ya ƙirga kayansa a gaban mataimaki kafin a miƙa takardun shaida, a naɗe kan batura da tef, a cajo su cikin kwana ɗaya ko biyu kafin a mayar wa mai su, domin batirin ruwa in ya kwana biyu a sauke farantansa kan yi gishiri.