Zaman Kirista a Jidda: abin da nake faɗa wa sabbin zuwa

Duk ma'aikaciyar jinyar da ta iso Jidda daga gida, tambayar da take fara yi mini ita ce, "Yaya, ina cocinku?" Sai in ce mata babu. Ko ɗaya babu a duk faɗin Saudiyya, wa'azin wani addini ban da Musulunci kuwa laifi ne da kan jawo ɗauri ko kora. Ni da na tashi a Kafanchan cikin waƙoƙin Zumuntar Mata, shekarar farko ta yi mini nauyi ƙwarai. Irmiya 29:7 ce ta riƙe ni, inda aka umarci waɗanda aka kwasa zuwa Babila su nemi lafiyar birnin da suke baƙunta, su yi masa addu'a.

Ki fara da gyara lokacinki. Tun 2013 hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce kamar kowace. Ni safiyar Juma'a na ware wa karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a, a ɗakina, ƙofa a rufe. In ba ki tsayar da lokaci ba, wata shida za su wuce ba ki buɗe shi ba.

Sai aiki, wanda shi ne abin da mutane za su gani. Kada ki sa hannu kan maganin da ba ki bayar ba. Kada ki bar wa mai karɓar ki gado a jiƙe. Ki bi dokar ƙasa ko da ba ta yi miki daɗi ba: igamarki, wato takardar izinin zamanki a ƙasar, ta zama a sabunce, hanyar Makka kuma ba taki ba ce, akwai allon da ke nuna inda wanda ba Musulmi ba zai ratse.

Watan azumi shi ne babbar damarki. Doka ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6 a rana, ke kuma da ƙarfinki. Ki karɓi aikin magariba domin abokiyar aikinki ta je ta sha ruwa da iyalinta. Kada ki ci ko ki sha a gaban mai azumi. Na taɓa mantawa na kafa kai a gorar ruwa da rana tsaka a ɗakin ma'aikata. Ba wadda ta ce uffan, amma kunyar ranar har yau tana nan.

Hausarki ma dukiya ce, kada ki ɓoye ta. Alhazanmu da yawa ta Jidda suke sauka, ga 'yan takari da suka daɗe a garin, wasu na aikatau a gidaje ba wanda suka sani. Tsohuwa ta kwanta ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci, likita na tambaya tana kallonsa. Ki tsaya ki yi mata tafinta, ki kira ta Hajiya ko Inna, ki tambayi mutanen gida. In za ki taimaka da kuɗi, ki ciro daga aljihunki a asirce, domin tara gudummawa ba da izini ba laifi ne a nan.

Gardamar addini, ki bar ta. In an tambaye ki, ki ce ke Kirista ce, kada ki yi ƙarya, kada kuma ki ja zancen. Ki yi barka da Sallah, ki je gaisuwar rasuwa.

Wata Hajiya 'yar Kano da na yi jinya kwana 9, sai ranar sallama ta ji cikakken sunana. Ta yi shiru, ta dube ni, ta ce, "'Yata, ashe ke Kirista ce?" Na ce e, Inna. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro dabino uku ta damƙa mini, ta ce in gaishe da mahaifiyata.