Yadda nake gwada allon lantarki kafin ya hau tauraron ɗan Adam

Kafin ka taɓa allon, ɗaura madaurin hannu mai zubar da caji zuwa ƙasa. Mutum ba ya jin tartsatsin da bai kai kusan volt 3,000 ba, alhali volt 100 kan iya lalata ƙaramin sashe a ɓoye.

Sai ka bi kowane mahaɗin dalma da madubin ƙara girma. A nan nake daɗewa. Kuza zalla takan tsiro da siraran gashi masu haɗa wayoyi biyu, kuma su aka ɗora wa alhakin mutuwar tauraron Galaxy IV a 1998. Shi ya sa muke neman a gauraya kuzar da dalma a cikin haɗin, don ta hana gashin tsirowa.

Ranar kunnawa ta farko, rage iyakar wutar da za ta shiga, ka ƙara sannu a hankali, kana rubuta kowane awo.

Daga nan sai teburin girgiza, mai kwaikwayon tashin roka, sannan akwatin da aka zuƙe wa iska, ana zafafa shi ana sanyayawa. Babu iska a sararin samaniya, zafi ba ya fita sai ta jikin ƙarfe ko ta haskakawa. Bayan kowane gwaji, maimaita awon farko ka kwatanta.