Kafin ka ɗora bayanan bincikenka a intanet

Ɗalibaina na digiri na biyu a nan Jos sun sani, ba na sa hannu a kundi sai na ga inda aka adana bayanan da aka tattaro. "Suna cikin kwamfutata, Malam" ba amsa ba ce. Kwamfuta tana mutuwa, ana kuma sacewa.

A ce ka zaga Bokkos da Mangu kana hira da manoman dankalin turawa. Tun a gona aikin yake farawa: ka shaida wa manomi cewa amsarsa za ta shiga inda kowa zai gani, amma ban da sunansa, sannan ka nemi yardarsa. Da ka dawo, cire suna da lambar waya. Sai dai hakan bai wadatar ba, kuma a nan ake yawan sakaci. In ka bar "mace, shekara 70, mai injin ban-ruwa, ƙauye kaza", kowane ɗan ƙauyen ya san wa kake nufi. Mayar da shekarun rukuni-rukuni, ka tsaya a sunan ƙaramar hukuma. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta tsame masu bincike ba.

Adana jadawalin amsoshin a tsarin CSV, wato fayil mai sauƙi da kusan kowace manhajar jadawali ke iya buɗewa, ka haɗa masa ɗan shafi mai bayyana kowace tambaya da kowane ma'auni. Ka rubuta an girbe buhu 40. To, buhun mai kilo nawa? Mai karatu a Nairobi ba zai sani ba, kai kanka baɗi ka manta.

Ni a Zenodo nake ɗorawa, wato wani rumbun adana bayanan bincike a intanet. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai ke riƙe da shi tun 2013, kyauta ne, kuma zai ba ka lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano aikinka da ita a intanet, wadda za ka saka a maƙalarka. Zaɓi lasisin CC BY: kowa na iya amfani da aikin, amma tilas ya ambace ka. Masu ɓoye bayanai don tsoron sata, lambar DOI ɗin nan mai kwanan wata ita ce shaidar cewa kai ka riga.

Batun mujalla kuwa, fara duba sunanta a DOAJ (jerin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet) ko AJOL (dandalin mujallun Afirka). Wadda ta aiko maka imel tana ta kambama ka, wai ka biya a buga cikin kwana uku, rabu da ita. Da yawa daga mujallun DOAJ ba sa karɓar ko sisi. Masu karɓa da dala kuma, nemi rangwame a rubuce tun kafin ka tura maƙalar, don bayan an amince da ita ciniki yakan yi wuya.