Yadda Ake Zaɓen Tsohon Gilashin Kyamara a Kuma Ci Moriyar Aibinsa

Gilashin kyamara na zamani, wanda masu ɗaukar hoto a Yamai suke kira objektif, an ƙera shi ne don ya fito da komai tsaf tun daga tsakiyar hoto har gefensa. Tsoffin gilasai ba su da wannan ƙwarewa, kuma gazawar tasu ce ta sa ake nemansu a yau. Sai dai aibi iri biyu ne: akwai wanda gilashin ya fito da shi daga masana'anta, akwai kuma wanda mugun ajiya ya jawo masa. Na farkon ne ya cancanci kuɗinka.

Ga mai farawa, ban ga wanda ya kai Helios-44-2 ba. A Tarayyar Sobiyat aka ƙera shi da yawan gaske, bisa tsarin Biotar na kamfanin Carl Zeiss, aka riƙa sayar da shi tare da kyamarar Zenit. Tsawon hangensa milimita 58 ne, ƙofar haskensa kuma tana buɗewa har f/2. Tsakiyar hotonsa a fayyace take, amma abin da ke bayan mutum yakan murɗe ya kewaye shi kamar guguwa, domin ɗigon haske da ke gefe yana tsukewa ya koma siffar idon kyanwa.

Kafin ka biya, buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka haska tocilar wayarka ta baya, ka leƙa ta gaba a karkace. Ƙura kaɗan ba ta hana komai, kuma a garin nan babu gilashin da zai rasa ta. Idan kuwa ka ga farin zare mai rassa kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, tana cin fentin da ke kan gilashin, kuma gara ka haƙura da shi. Duba ganyayyakin ƙofar hasken, wato siraran ƙarafan da ke buɗe ta su tsuke ta, ko maiƙo ya malalo musu, sannan ka juya zoben saitawa daga farko har ƙarshe ka ji ko yana cijewa.

Gindin Helios murɗawa ake yi, irin wanda ake kira M42, don haka sai da zoben haɗi. Kyamarori marasa madubi, irin su Sony da Fujifilm, suna karɓarsa ba wahala, haka ma Canon EF. A kan Nikon F kuwa ba zai fayyace abu mai nisa ba sai da zobe mai gilashi a ciki.

Murɗewar nan ta bayan hoto ba ta fitowa a gaban bango. Nemi bishiyar dogonyaro wadda haske ke ratsa ganyenta, ka tsayar da mutumin kamar taku biyu ko uku daga gare ka, bishiyar kuma ta kasance can bayansa da tazara, ka sa fuskarsa a tsakiya, ka bar ƙofar a f/2. Da hannu ake saitawa, saboda haka ka faɗaɗa hoton a allon kyamara ka tabbatar da idonsa. Da ka tsuke ƙofar zuwa f/5.6, guguwar ta kwanta. Bayan La'asar a bakin kogi, kusa da gadar Kennedy a Yamai, idan rana ta shigo ta kusurwar hoto, siririn fentin gilashin yakan bar haske ya bazu, launuka su yi laushi. Ni a nan na fi ƙaunarsa, musamman da hunturu lokacin da hazo ya riga ya rage kaifin ranar.

Ajiya ita ce sauran aikin. Kada ka bar shi cikin mota da bazara, domin zafin watan Afrilu yana narkar da tsohon maiƙonsa ya gangaro kan ganyayyakin. Kada ka goge ƙura da gefen riga, yashi ne zai karce gilashin. Hure ta da ɗan famfon roba tukuna. Da damina kuma ka fito da shi daga jakar fata, ka sa shi a mazubi mai murfi tare da ƙullin silika mai tsotse danshi.