Yadda ake agajin gaggawa ga ma'aikacin da asid ɗin haidirofulorik ya ƙona

Asid ɗin haidirofulorik, wanda ake rubuta wa HF a jikin jarkokinsa, ana aiki da shi wajen zane a kan gilashi, da wanke alminiyam, da tace man fetur, da ƙera ƙananan sassan kayan lantarki. Shi ya sa ƙunarsa ta fi yawa a yankunan da irin waɗannan masana'antu suka taru, kamar lardin Zhejiang na ƙasar Sin. A watan Satumba na 2012 kimanin tan 8 na sinadarin ya kwarara daga wata masana'anta a birnin Gumi na Koriya ta Kudu, ma'aikata 5 suka rasu. Sai dai mafi yawan waɗanda ake kai wa asibiti ƙuna ce ke samun su a yatsu, sau da yawa ta wata 'yar huda a safar hannu wadda ido ba ya ganinta.

Abu na farko da mai agaji zai riƙe shi ne kada ya jira raɗaɗi. Idan ƙarfin asid ɗin ya haura kashi 50 cikin ɗari, zafin nan take yake zuwa. Tsakanin kashi 20 da 50 yana iya ɗaukar awa 1 zuwa 8. Ƙasa da kashi 20 kuwa, mutum na iya kwana lafiya lau kafin yatsan ya fara zugi. A duk tsawon wannan lokaci sinadarin yana ratsa fata yana cinye kalshiyam da maganiziyam na jiki, abin da ke iya rikita bugun zuciya har ta tsaya, ko da wurin da ya ƙone bai wuce faɗin tafin hannu biyu ko uku ba.

Mai agaji ya fara sa safar hannu mai jure sinadarai, domin kada shi ma ya ƙone. A cire wa wanda abin ya shafa tufafi da takalma da zobe da agogo yana ƙarƙashin ruwa mai gudu, a ci gaba da kwarara ruwan na minti 5 idan akwai man kalshiyam gulukonet mai ƙarfin kashi 2.5 (maganin shafawa da ke kashe dafin asid ɗin) a kusa, ko aƙalla minti 15 idan babu. Daga nan a shafa man a wurin, a riƙa murzawa a hankali ana ƙarawa. Idan yatsu ne, dabara mafi kyau ita ce a cika safar roba da man a zura hannun a ciki, domin asid ɗin kan maƙale a ƙarƙashin farce. Wannan man ba a sa shi a ido. Ido sai wanki da ruwa mai yawa, kuma wanda ya haɗiyi asid ɗin ba a sa shi amai.

Kowace irin ƙuna ce, komai ƙanƙantarta, asibiti za a nufa, tare da takardar bayanin sinadarin ko hoton jarkar, domin likita ya san ƙarfinsa da lokacin da abin ya faru. A can za a duba bugun zuciya da na'ura, a auna kalshiyam da fotashiyam na jini, kuma idan zugi bai lafa ba bayan shafa man, a yi allurar kalshiyam gulukonet a ƙarƙashin fata ko ta jijiya. Likitoci kan guji allurar kashe zafi a wurin ƙunar, domin lafawar raɗaɗin ita ce ke nuna musu cewa maganin ya kai inda ake so.