Yadda ake duba ranwe a fito lafiya, da inda AI ke da amfani a aikin

Wannan rubutun na sabbin ma'aikata ne da aka tura sashen kula da cikin filin jirgi, musamman ku da za a miƙa wa makullin mota da rediyo a ce ku je ku dubo ranwe, wato titin da jirgi ke sauka da tashi a kai. Ba zan tsaya bayanin bambancin ranwe da taksiwe (hanyar da jirgi ke bi zuwa ranwe ko daga ranwe) ba, wanda har aka ba shi katin shiga ciki ya wuce nan. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke zuwa yanzu wayoyinsu cike suke da manhajojin AI, wato ƙirƙirarriyar basira, ka tambaye su wani abu a Annex 14, kundin ƙa'idojin filayen jirgi na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, nan take su kawo maka, amma ka ba su rediyo su yi magana da tawa, hasumiyar masu ba jirage umarni, sai baki ya mutu, ko kuma su amsa abin da ba a faɗa musu ba, kuma wannan na biyun shi ne mai kisa.

A nan Abuja ranwe ɗaya ne, 04/22 (lambobin ɓangarorinsa biyu ke nan), tsawonsa mita 3,610. Wanda ke gari a 2017 ya ga abin da ya faru da aka rufe shi makonni shida don gyara, daga Maris zuwa Afrilu, kowa sai ya bi ta Kaduna. To ka san duk minti ɗaya da ka yi a kansa akwai jirgin da ke jira a sama ko a ƙasa, kuma wannan matsin ne ke sa sabon ma'aikaci gaggawa.

Kafin ka tayar da mota

Zagaya motar da ƙafa. Duba fitilar sama mai walƙiya, duba tayoyi ka ciccire tsakuwar da ta maƙale a zanensu, leƙa bayan fikof ɗin ka kwashe duk wani tarkace, robar ruwa, sifana, ledar fiya wata, hular wani. Ba ƙaramin abin kunya ba ne mutum ya je neman tarkace a ranwe ya zama shi ya kai. Rediyo biyu nake so a wurinka, na mota da na hannu, ni a wurina wannan doka ce ko ba a rubuta maka ba. Tocila mai ƙarfi kuwa ka saya da kuɗinka in ta kama, ba ta kai kuɗin datar da kake zubawa a wata ba, kar ka tsaya jiran sito.

Sai ka karanta NOTAM na ranar, wato sanarwar da ake fitar wa matuƙa kan canje-canje a filin. Duk lokutan da ke ciki UTC ne, wato agogon bai ɗaya na duniya, mu kuma agogonmu yana gaba da awa ɗaya, in an rubuta za a rufe wani taksiwe 0600 to ƙarfe bakwai na safe ake nufi a nan. Na sha ganin yaro ya kwafi NOTAM ya zuba wa AI ya ce a fassara masa, AI ya warware gajerun kalmomin tsaf amma ya bar lokacin yadda yake ko ya juya shi baibai, yaron kuma ya ɗauka a haka. Ka yi amfani da shi ka koyi ma'anar gajartattun kalmomi a gida da daddare, ba laifi, amma lissafin lokaci ka yi da kanka.

Magana da tawa, inda ake faɗuwa

A nan zan daɗe, domin a nan ne nake ganin mutane suna zamewa. Ka tsaya bayan layin tsayawa, ratsin nan mai launin ɗorawa, layi biyu dogaye layi biyu tsinka-tsinka, ga jan allo da farin rubutu a gefe ɗauke da lambar ranwe. Dogayen layukan su ne a ɓangarenka. Gaba ɗaya motar za ta tsaya a baya, har bamba. In akwai jan fitilu a jere a ƙasa suna ci, ba a tsallake su ko da ka ji kamar an ce ka shiga, sai ka sake tambaya.

Kafin ka danna rediyo ka yi shiru ka saurara tukuna, ka ji wa ke magana, wane jirgi ke gab da sauka, kar ka yanke wa matuƙi magana. Sannan ka faɗi abu huɗu a jere: wa kake kira, kai waye, ina kake tsaye, me kake so. Shi ke nan. Ba gaisuwa mai tsawo, ba ranka ya daɗe, kontirola, mai ba da umarni a tawa, ba zai ji haushi ba, shi ma gajeriyar magana yake so.

Da ya ba ka amsa sai ka maimaita masa abin da ya faɗa, da lambar ranwe da sunan kiranka. "Roger" ba maimaitawa ba ce, ma'anarta kawai na ji, kuma ba ta ba ka izinin motsa taya ko ɗaya ba. In ya ce "hold short", wato ka tsaya kafin ranwe, ka maimaita "holding short" ka kuma tsaya cak. In ya ce "stand by" yana nufin ka jira zai neme ka, ba wai ka fara gangarawa a hankali ba. Matsalar da na fi gani ita ce kunne yana jin abin da zuciya ke so, ka nemi izinin shiga, ka ƙagu, rana na dukanka, sai aka ambaci sunan kiranka da lambar ranwe, ƙwaƙwalwarka ta cike sauran da kanta alhali cewa aka yi ka dakata. Shi ya sa nake sa yarana su rubuta izinin a takarda kafin su saki birki, wasu na cewa ɓata lokaci ne, ni dai haka nake koyarwa kuma ba zan canza ba.

In ba ka gane ba ka ce "say again". Wallahi babu wanda aka taɓa kora don ya ce a maimaita masa. Kunyar Turanci ce ke hana da yawa daga cikinku, suna tsoron matuƙan waje su ji su a layi, sai su yi shiru su yi kirdado.

Ku duba abin da ya faru a Lima ta ƙasar Peru a Nuwamban 2022, motar kashe gobara da ke atisaye ta shiga ranwe lokacin da jirgin LATAM ke gudun tashi, suka yi karo, 'yan kwana-kwana suka rasa rayukansu. A Haneda ta Tokyo ranar 2 ga Janairun 2024 an ce wa jirgin masu gadin gaɓar teku ya je wurin tsayawa, ya shige kan ranwe, jirgin Japan Airlines da ke sauka ya afka masa, mutum 5 suka mutu a ƙaramin jirgin, 379 na cikin babban Allah ya kuɓutar da su. A tsibirin Tenerife na ƙasar Spain kuma a 1977 jirage biyu suka yi karo, mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi hatsarin jirgi da ya kai shi kisa ba, kuma a ƙasa aka yi shi cikin hazo saboda rashin fahimta a rediyo. Waɗannan fa ƙwararru ne masu shekaru a bakin aiki, balle kai.

Ko an ba ka izini, ɗaga kai ka duba sama ta ɓangarorin biyu kafin ka shiga. Ranwe ba titin Lugbe ba ne da za ka ga mota daga nesa ka ce zan riga ta, jirgin fasinja na sauka da gudun da ya kai wajen kilomita 250 a awa, kusan mita 70 duk daƙiƙa, a lokacin hunturu kuma ƙura na iya ɓoye maka shi sai ya zo kanka. In rediyo ya mutu kana kai, kar ka tsaya bubbuga shi, fita ta hanya mafi kusa sannan ka nemi tawa ta waya. In ka ga fitilun ranwe na kunnuwa suna mutuwa, ko jar fitila na walƙiya daga tawa, da kai ake, fita.

Wasu na tambayata ko za su iya gwada maganar rediyo da AI. Za ka iya, yana rage rawar baki, ka ce ya zama kontirola kai kana amsawa. Sai dai yakan cakuɗa salon Amurka da na ICAO, wani lokaci ya ƙirƙiro sunan taksiwen da babu shi a filin, don haka littafin da aka ba ka da taswirar filin su ne alƙali.

Tuƙi da kallo

Ka bi ranwe kana fuskantar inda jirage ke saukowa, don ka ga abin da ke zuwa. Kar ka yi gudu, wanda ke sharara gudu bai duba komai ba, yawo ya yi. In ku biyu ne ɗaya ya yi tuƙi da rediyo, ɗaya ya yi kallo, gilashi a sauke, waya a aljihu.

Abin da kake nema: ƙarfe, kusoshi, guntun taya, tsakuwa, mai da ya zuba, kwaltar da ta fara ɓarewa musamman a gefe da wurin haɗi, fitilar da ta fashe ko ta mutu, fentin da ya goge. Jirgin Concorde da ya faɗi a Paris ranar 25 ga Yulin 2000, mutum 113 suka mutu, silarsa wani siririn ƙarfe ne da bai kai rabin mita ba wanda ya faɗo daga jirgin da ya tashi mintuna kaɗan kafinsa, ya fasa taya, guntun tayar ya bugi tankin mai. Don haka in ka tsinci abin da ya yi kama da na jikin jirgi kar ka jefa a bayan mota ka manta, faɗa wa tawa nan take, domin wataƙila mai shi yana sama bai san ya yar ba. Ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka ɗaga.

Akwai filayen da suka sa na'urorin da ke gano tarkace da kansu, Vancouver da Heathrow sun yi amfani da rada, Changi ta Singapore ta sa kyamarori, kuma sababbin suna amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen bambance ƙarfe da tsuntsu ko inuwa. Abu ne mai kyau don na'ura ba ta gyangyaɗi, amma tsada gare shi sosai, kuma ko a can in ta yi ƙara mutum ne ke shiga mota ya je ya ɗauko, ta wannan layin tsayawa da wannan rediyon.

Tsuntsaye kuma ka lura da su, shirwa, balbela, hankaka. Farkon damina in gina ta fito ko bayan an yanke ciyawa sai ka ga sun taru, in ana ƙona daji kusa shirwa ce ke zuwa. Mushe in ka gani ka ɗauke, shi ke kiran wasu. Ka kuma riƙa kallon shinge, a 2005 jirgin Air France ya afka wa shanu a ranwen Fatakwal.

In an yi ruwa

Tun 4 ga Nuwamban 2021 ICAO ta kawo tsari ɗaya na duniya na bayar da rahoton yanayin saman ranwe. Ana raba ranwe kashi uku, kowane kashi a ba shi lamba daga 0 zuwa 6. Busasshe 6, jiƙaƙƙe da ruwan bai wuce milimita 3 ba 5, in ruwa ya kwanta ya wuce milimita 3 to 2 ne, in kuma jiƙaƙƙe ne mai santsi saboda robar taya da ta taru 3. Ana jera lambobin daga ɓangaren ranwe mai ƙaramar lamba, a nan daga 04 ke nan. Sauka ka auna da ma'auni, kar ka ƙiyasta daga cikin mota, kuma kar ka kuskura ka ɗauki hoto ka tambayi AI lamba nawa zai ba shi, hoto ba ya nuna zurfin ruwa, matuƙi kuma da lambarka zai lissafa tazarar da zai tsaya.

Fita da rahoto

Kar ka ce "vacated", wato na fita daga ranwe, sai bayan motar gaba ɗaya ya tsallake layin tsayawa, in kun shiga mota biyu sai ta ƙarshe ta fita. Da yawa suna faɗa tun suna kwana don su burge tawa da sauri.

Rahoto ka rubuta shi nan take, lokaci da UTC, wuri, abin da ka gani, wa ka faɗa wa. A nan AI ke taimako na gaske, ya gyara maka Turanci, ko ka ba shi jerin tsuntsayen da aka gani na watanni ya nuna maka sa'o'i da wuraren da suka fi taruwa. Ka ba shi abin da ka gani da idonka kawai, ka karanta abin da ya dawo maka da shi layi-layi, don yakan ƙara abin da ba ka faɗa ba ko ya kawo lambar sashen doka da babu ita, in NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta zo bincike ko NSIB, hukumar binciken hatsari, ta nemi takardu sa hannunka ne a ƙasa. Jadawalin manyan baƙi, hotunan shingen tsaro, sunayen ma'aikata, kar ka zuba su a manhajar waya ko kaɗan. Abin da ba a gyara ba ka rubuta a littafin miƙa aiki, ka kuma faɗa wa mai karɓarka baki da baki, sannan ka sa rediyon hannu a caji kafin ka tafi.